Ɗan Sarkin Ruwa a Tekun Gishiri

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya sanya wani ruwan mai daɗin sha, wani kuma gishiri tsantsa, ya zuba wa kowanne kifinsa da masuntansa. Ku gyara zama, 'yan'uwa, ku ba ni aron kunnuwanku. Labarin da zan ba ku yau ba na jarumta ba ne. Na jarumta na sha bayarwa a ƙuruciya, kuma yawancinsu ƙarya ne. Wannan shi ne na gaskiya, shi ya sa ya fi wuyar fitowa daga baki.

Sunana Mantau, ɗan fari ga Sarkin Ruwan Tungar Gawasa, wani gari da ke bakin Gulbin Tamna. Na tashi a gidan da kowa ya iya su, ban da ni. Ba wai ban taɓa shiga kwalekwale ba. Nakan shiga, in harɗe a tsakiya bisa buzu, mutum huɗu na tuƙi, biyu na jan taru, ni kuwa ina nuna musu da yatsa inda su da kansu suka riga suka nufa. In an dawo gaɓa ni ne mai ba da labari, kuma Allah ya hore mini baki. Giwan ruwan da aka kama da hantsi bai fi kamu uku ba, kafin la'asar ya kai tsawon mutum a bakina.

Da tsufa ya kama mahaifina, sai ya tara dattawa ya miƙa mashin sarauta ga ƙanena. Na miƙe a tsakiyar fada na ce, "Baba, ni fa?"

Ya ce, "Mantau, nuna mini tafin hannunka."

Na nuna. Sumul yake kamar na jariri, ko kanta ɗaya babu. Dattawa suka sunkuyar da kai. A ranar na rantse a gaban kowa cewa sai na je inda ruwa ya fi kowane ruwa girma, na kamo kifin da ba a taɓa gani ba a Tamna. Na ɗaura wa jakina kaya, na sa babbar rigata mai aska takwas, na bi yamma. Ban sake komawa garin nan ba.

Wata bakwai ina tafiya. Na ratsa ƙasar da duwatsunta ke gumi da rana, mutane na tarar gumin a tulu suna sha. Na wuce garin da tsuntsaye ke yi wa mutane kiwon awaki. A wata na shida na iso Mashigin Ƙaguwa, wani faffaɗan rafi mai laka inda ƙaguwa ke girma har ta kai rumbu, tana kwance a ƙarƙashin laka tana jiran abin da zai motsa. Matafiya sukan jira su taru su ashirin, su ƙetare tare suna kaɗa ganguna. Ni ban jira ba. Ina tsakiyar mashigin laka ta tsage, ga abar nan ta taso da hannaye kamar ƙyauren zaure. Na zabga wa jakina bulala ya zabura wajenta, ni kuwa na ranta a na kare ta ɗaya gefen. Ina jin kukansa ban waiwaya ba. Jakin nan ya ɗauke ni wata shida bai taɓa turjewa ba. Kafin in isa gari na gaba, labarin ya riga ya zama cewa na yi kokawa da ƙaguwa na karya mata hannu ɗaya.

Daga nan na iso Kurmasa, a bakin tekun gishiri. Wanda bai ga teku ba, babu yadda zan kwatanta masa. Ruwa ne da ba shi da tsallake, yana numfashi kamar mai rai, sau biyu a yini ya janye ya bar yashi fili, sau biyu ya ciko ya rufe. Gidajen garin da haƙarƙarin manyan kifaye aka kafa su, aka lulluɓe da ciyawar teku. Amma abin da ya fi ba ni mamaki jiragensu ne. Ba kwalekwale ba ne irin namu mai faɗin ciki. Wani abu ne dogo, tsukakke, mai tsini gaba da baya, an ɗinke shi da fata an shafe da kitse, da rami ɗaya a tsakiya daidai zaman mutum guda. Suna kiransa siririya. Filafilinsa baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu. Maza da mata, kowa da tasa, suna ratsa raƙuman ruwa kamar allura a cikin zane.

Aka kai ni gaban Barmo, Sarkin Gaɓa, wani ƙaton dattijo mai farar gira. Ya ce, "Baƙo, daga ina, kuma me ke tafe da kai?"

Na gyara riga na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan Sarkin Ruwa ne. A cikin jirgi aka haife ni. Na zo in ga ko kifinku ya kai yadda ake faɗa."

Ya ce, "Madalla. Ka taɓa hawa siririya?"

Na ce, "Irinta muke ba yara su yi wasa."

Barmo ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce a kai ni gidan Tasalla. Ita Tasalla mace ce da ta ba hamsin baya, gajera, baƙa, damatsanta kamar na maƙeri. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da siririyarta take ciyar da mutum tara: tsohuwar uwarta, da 'yarta Hakama wadda ciwon ƙirji ya hana shiga ruwa, da jikoki. Duk wanda zai fara shiga teku a Kurmasa, a hannunta yake farawa.

Washegari da hantsi ta kai ni gaɓa, ta jawo wata tsohuwar siririya. Ta miƙo mini wata riga ta saƙar igiya wadda aka jera wa ƙananan goruna a toshe, ta ce, "Cire wannan babbar rigar, ka sa wannan. In ka faɗa ita za ta riƙe ka a sama."

Na dubi mutanen da suka taru kallon ɗan Sarkin Ruwa, na ce, "Inna, a garinmu mai tsoro ne ke rataya gora."

Ta ce, "To. Kawo filafilin in ɗaure maka shi da jikin jirgin."

Na ce, "Filafili bai taɓa kuɓuce mini ba."

Wannan kam gaskiya na faɗa, don ban taɓa riƙe shi ba.

Na zura ƙafafu cikin ramin, na zauna. Abin ya yi rawa a ƙarƙashina kamar an ɗora ni a kan tsinken tsintsiya. Na ɗaga hannu zan gaishe da jama'a, sai ga wata 'yar igiyar ruwa, wadda ba ta kai gwiwa ba, ta bugi gefen jirgin. Sai ganin yashi na yi a saman kaina. Babbar riga ta sha ruwa ta naɗe mini fuska, gishiri ya cika mini hanci, na dinga shure-shure ina kururuwa a cikin ruwa cewa na mutu. Hannu ɗaya Tasalla ta sa ta ɗago ni. Da na miƙe, ruwan a cinyata ya tsaya. Hulata na can tana yawo.

Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya yi. Suka kau da kai kamar mutanen da suka ga tsiraicin babba, kowa ya koma ga aikinsa. Na ce da ƙarfi, "Wannan jirgin a karkace aka ɗinka shi."

Tasalla ta ce, "Mijina ne ya ɗinka."

A hanyar gida ta rage murya ta ce, "Baƙo, ka iya iyo kuwa?"

Na ce, "Haba Inna."

Ta ce, "Ni kaɗai ce a nan. Ka iya?"

Na ce, "Na iya." Ta gyaɗa kai, ba ta sake tambaya ba.

Kwana goma ta yi tana fita da ni bayan wani dutse inda ruwa ke kwance, inda ba mai ganinmu. A can nakan yarda in sa rigar goruna, in mun doso gari in cire. Ta nuna mini yadda ake tsayar da kai daidai tsakiyar jirgi, don duk inda kai ya leƙa nan jirgi zai kife. Ta ce igiyar ruwa da hancin jirgi ake tararta, ba da gefe ba. Ta ce in za ka fita ka fita kana fuskantar iska, don in ka gaji ita za ta dawo da kai gida. Ta rataya mini 'yar wuƙa a wuya ta ce, "Zaren fatsa a kan katakon naɗi yake zama, katakon kuma a hannu. Kada ka ɗaura shi a jirgi, kada ka ɗaura shi a jikinka. In abin da ya kama ya fi ƙarfinka, saki ko ka yanke. Kifi bai ƙare a teku ba."

Ina jin ta, amma rabin hankalina na kan labarin da zan bayar da yamma. Abu ɗaya na ƙi sam: ta ce in kifar da jirgin da gangan in koyi yadda ake sake hawa a tsakiyar ruwa. Kullum sai in kawo dalili. Ranar da muka fara fita wajen dutsen kuwa, inda teku ke ɗagawa tana saukewa, jiri ya kwashe ni, na amayar da duk abin da na karya da shi a kan cinyata. Tasalla ta jawo ni gida da igiya kamar akuya. Mata masu shanya kifi suka ga shigowarmu. Da aka tambaye ni, na ce kifin garin ne bai karɓe ni ba.

Da yamma ina zaune a tsakar gida ina ba jikokin labarin ƙaguwa, Hakama ta ajiye mini akushi ta ce, "Malam Mantau, yau kwana goma sha ɗaya kana cin kifin uwata. Yaushe za mu ɗanɗana na ɗan Sarkin Ruwa?"

Tasalla ta ce, "Hakama, baƙo ne."

Ta ce, "Ai tambaya na yi, Inna."

Na ture akushin gefe. Na san akwai wani wuri da ake kira Bakin Zurfi, inda ruwa ke sauya launi daga kore zuwa baƙi, inda manyan kifaye ke kiwo. Na ji masunta na zancensa, na kuma ji cewa sai mutum ya shekara uku a siririya ake barinsa ya je, kuma ba shi kaɗai ba.

Washegari ana suna a gidan Barmo, duk gari na can. Bayan an shafa fatiha na sulale zuwa gaɓa. Na ɗauki tsohuwar siririyar, na ɗauki fatsa mafi girma a cikin kayan Tasalla da zare mai kaurin yatsa, na soka mata kan kifi. Rigar goruna na bar ta rataye a turke, don ina so in na dawo da kifina a gan ni cikin babbar riga. Iska na busowa daga tudu zuwa teku, tana tura ni ta baya, jirgi na gudu ba wahala. Na ce a raina, ashe abin nan ba wuya.

Rana ba ta kai tsaka ba na ga ruwa ya yi baƙi a ƙarƙashina. Da na waiwaya, Kurmasa ta zama kamar ɗigon toka. Na saki fatsa. Hannuna ya gaji da riƙon katako, sai na zagaya zaren a ƙugiyar gefen jirgi na ƙulle, ragowar kuma na tara a kan ƙafafuna.

Ban san tsawon jiran da na yi ba. Abin da na sani, an fizgi jirgin kamar an ɗaure shi a wutsiyar doki. Filafili ya yi tsalle daga cinyata ya faɗa ruwa, ina kallonsa yana nisa. Sai kifin ya taso. Mutanen Kurmasa na kiransa mai-takobi. Tsawonsa ya fi na siririya, bakinsa dogo kamar mashi, bayansa shuɗi yana walƙiya. Ya miƙe a kan wutsiya a bisa ruwa, ya girgiza, ya faɗa, ya nufi cikin teku da ni.

Wuƙa na rataye a wuyana. Na sa hannu na taɓa ta, na kuma sake ta. Tsoro bai hana ni yankewa ba, 'yan'uwa, kwaɗayi ne ya hana. Ina ta hango fuskar Hakama in na jefar da wannan kifin a tsakar gidansu.

Kifin ya karya kwana. Da yake a gefe na ɗaura zaren, jirgin ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, ya kife. Na fito daga ramin da ƙyar na rungumi bayan jirgin. Zaren da na tara ya naɗe mini ƙafar hagu, duk fizgar da kifin ya yi sai in ji ana jan ƙafata ƙasa. Riga ta yi nauyi kamar an ɗora mini buhun gero. Wuƙar ta shige cikin rigar, in na saki hannu ɗaya don in lalubo ta sai in nutse. Na gwada hawa bayan jirgin sau uku, sau uku yana mirginawa da ni. Na kira Allah, na kira uwata. Har jakina na tuna, na ce ashe haka ya ji.

Can na ji murya a bayana: "Riƙe da kyau! Kada ka saki!"

Tasalla ce. Ashe ta bar wajen suna don ta duba tsohuwarta, ta ga rigar goruna a turke babu siririya, ta bi iska. Ita kaɗai ta fito, don ba ta tsaya kiran kowa ba. Ta kawo jirginta jikin nawa, ta leƙa ta ga zaren a ƙafata. Ta cusa hannun dama cikin ruwa ta damƙi zaren don ta sassauta shi, wuƙarta na hannun hagu. Daidai lokacin kifin ya sake fizga. Zaren ya zarge mata tafin hannu ya ja. Na ji ƙarar da ta yi, gajeriya, sau ɗaya. Ta yanke zaren. Ruwan da ke tsakaninmu ya yi ja.

Da ta ɗago hannun na ga farin ƙashi. Na fashe da kuka ina cewa, "Inna, ban iya iyo ba. Wallahi ban iya ba. Ban iya komai ba."

Ta ce, "Na sani tun ranar farko. Yi shiru ka saurare ni, jini na kiran kifayen da suka fi wannan haɗari. Cire rigar nan."

Na tuɓe babbar rigata na bar wa teku. Da haƙora da hannu ɗaya ta ɗaure hannunta da ɗankwali, tana ba ni umarni. Na miƙa hannu ta ƙarƙashin jirgin na kamo ɗaya gefen, na birkito shi. Ta danne shi da gwiwar hannu. Ta ce in kwanta a ruwa kamar mai rarrafe, in harba ƙafafu, in ɗora cibiyata a kan ramin, sannan in juya in zauna. Abin da na ƙi koya kwana goma a ruwa mai kwanciya, na koye shi a Bakin Zurfi da jinin mace a fuskata. Na kwarfe ruwan da ƙoƙon da ta ba ni. Ta miƙo mini filafilinta, ta ɗaura hancin jirginta a bayan nawa, ta ce, "Ga dutsen can. Kada ka dubi komai sai shi. In teku ta fara cikowa za ta taimake ka."

Na tuƙa ina fuskantar iska tun azahar har rana ta yi ja. Tafin hannuna ya kumbura, ya fashe, ya sake fashewa. In na ji ta yi shiru sai in kira, "Inna?" Ta ce, "Tuƙa." Daga baya ta daina amsawa. Mun kusa dutsen ne siririyoyin gari suka tare mu.

Mai ɗori ya yi abin da zai iya. Rai ya tsira, amma jijiyoyin sun tsinke, yatsu huɗu suka lanƙwashe ba su sake miƙewa ba. Mai hannu ɗaya kuwa ba ya tuƙa filafili mai baki biyu.

Barmo ya tara gari a gaɓa aka tsayar da ni a tsakiya, daga ni sai wando. Ya ce, "Ɗan Sarkin Ruwa, me ya faru?"

Labari ya zo mini baki da kansa, shiryayye, mai kyau: guguwa ce, zaren ne ruɓaɓɓe. Na haɗiye shi. Na faɗa musu cewa ban taɓa kama ko tarwaɗa da hannuna ba. Na faɗi yadda na saci jirgin, da yadda na taɓa wuƙa na fasa. Har zancen jakin na faɗa, alhali ba wanda ya tambaye ni. Idona na kan yashi.

Wasu suka ce a kore ni. Hakama ta ce, "A kore shi ya tafi ina? Ya je wani gari ya ba da labarin yadda ya ceci wata tsohuwa? Mu kuma mu ci me?"

Barmo ya ce, "Tasalla ce mai hannu. Ita za ta yanke."

Aka tambayo ta daga kan shimfiɗa. Saƙon da ta aiko gajere ne: gobe da hantsi in same ta a bayan dutse, da rigar goruna.

Tana zaune a kan dutse da hannu a rataye, ni ina ruwa. Wata guda ban taɓa fatsa ba. Kife jirgi, hau. Kife, hau. Sau talatin a yini, kuma ba a ɓoye ba, ta gaban gari nake wucewa da gorunana suna ƙwaras-ƙwaras. Na koyi iyo a inda 'yan shekara biyar ke wanka. Na koyi duban gajimare da lokutan cikowar teku. Sannan ta bar ni in jefa ƙaramar fatsa a gindin duwatsu. Kifina na farko a duniya bai kai tafin hannu ba. Na kawo shi gida a cikin ƙoƙo, Hakama ta dube shi ta ce, "Mu tara ne." Ta dai gasa shi ta ba kakarta.

Maƙwabta sun taimaka, amma gidan ya ji jiki. Ina gani ana rage tuwo, ina gani Tasalla na tura nata gaban jikoki ta ce ta ƙoshi. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Wani lokaci nakan iske ta tana ƙoƙarin ɗaura zani da hannu ɗaya, in juya da sauri kamar ban gani ba.

Ga shi kuma lokacin Babbar Shigowa ya matso, kwana bakwai a shekara da garken kifin da suke kira jan-baki ke ratsa mashigin Kurmasa, har ruwa ya yi kamar ana tafasa shi. Abin da gida ya kama ya shanya a kwanakin nan shi zai ci har damina ta wuce. Jan-baki kuwa wayo gare shi, taɓa fatsa yake kamar numfashi, sai hannun da ya shekara ashirin yana jin zare ke gane lokacin fizga. Ni tuƙi na fara iyawa. Kama jan-baki ko a mafarki.

Na je wajen mai ɗinkin jirage na ce ya ɗinka mini siririya mai rami biyu. Ya ce, "Ba a taɓa yi ba." Na ce na sani. Na yi masa dakon fata da jiƙa ƙashi kwana ashirin, ya ɗinka. Ta fito doguwa, mummuna, mutane na zuwa kallo suna dariya, wannan karon a fili.

Na kai Tasalla ta gani. Na ce, "Inna, ke a gaba da zare, ni a baya da filafili. Inda kika ce nan zan bi."

Ta zagaya jirgin, ta ƙwanƙwasa shi da ƙafa. Ta ce, "In na ce tsaya fa?"

Na ce, "In tsaya."

"In na ce mu koma, ga kifi na tsalle a gabanka?"

"Mu koma."

Ta ce, "Sai ka ɗaura mini rigar gorunan, ba na iya ƙulla ta."

Kwana bakwai muka yi a mashigin. Ba ta waiwayo ta dube ni ko sau ɗaya ba. Ta ce hagu, in yi hagu. Ta ɗaga gwiwar hannu, in tsaya cak. Zare na kan yatsanta na hagu, ta runtse ido, can sai ta fizga, ta miƙo mini katakon ta kan kafaɗa in naɗe. A rana ta huɗu iska ta juya ana tsakiyar kamu, ta ce mu koma, na juya nan take. A rana ta bakwai sai da muka yi sawu uku, jirgin na nutso don nauyi. Hakama da yara na ta fawa da barbaɗa gishiri har ragar shanya ta cika, aka aro ta maƙwabta.

Da yammacin ranar ƙarshe Barmo ya bi gaɓa yana duba kamun kowane gida, kamar yadda aka saba. Ya tsaya a kan namu ya daɗe. Ya ce, "Wa ya kama wannan?"

Jama'a suka zuba mini ido. Na ce, "Ranka ya daɗe, Inna ce ta kama. Ni tuƙi kawai na yi."

Ya juya gare ta. Tasalla ta ɗaga lanƙwasasshen hannunta ta dube shi, ta ce, "Wannan dai ya tafi, ba zai dawo ba." Sannan ta nuna ni da haɓa. "Ga wanda aka ba ni a madadinsa. Yana da nauyin koyo, amma ya fara jin magana."

Daga ranar ba wanda ya sake kirana Mantau a Kurmasa, sai Hannun Tasalla. Shekara tara na yi ina tuƙa ta, har ranar da ta ce idonta ya daina ganin dutsen, mu koma. Daga nan ba ta sake shiga teku ba. Baƙi in sun ji sunan sukan ɗauka kirari ne, su tambaye ni wace bajinta na yi aka ba ni shi. Sai in ce su zauna, in faɗa musu kamar yadda na faɗa muku, ban rage ba ban ƙara ba.

Nan na jawo jirgina gaɓa. Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfana; inda harshe ya zame, ya yafe mini, ya kuma jiƙan Tasalla.